Idan aka kwafi mutum, daga ina kwafin zai samo ruhi?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne. A aji aka koya mana yadda Turawa suka samar da tunkiya daga ƙwayar jikin wata tunkiyar, ba tare da rago ya hau ta ba, malamin kuma ya ce a ilimance za a iya yi wa mutum haka. Tun ranar abin yake cin raina. Idan aka kwafi mutum, kwafin zai kasance da ruhi kuwa? In yana da shi, na wanda aka kwafa ne ya rabu biyu, ko sabo ne? Shi ruhin ma daga ina yake zuwa? Wani abokina ya ce irin wannan mutumin gangar jiki ce kawai, mutum-mutumi mai tafiya."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka ɗaura a igiya ɗaya: ko kwafin yana da ruhi, ko ruhin nasa ne na kansa, da kuma inda ruhi yake fitowa. Ni aikina karɓar haihuwa da duba masu ciki, na kuma ɗan zauna gaban malamai a zaure, amma ban kai mai ba da fatawa ba. Saboda haka abin da ya shafi jiki zan faɗe shi da bakina, abin da ya shafi ruhi kuma zan kai ka inda na ji shi.

A taƙaice, in har aka haifi irin wannan jaririn da rai, ya yi kuka, ya kama nono, to mutum ne cikakke mai ruhinsa na kansa, kuma abokinka bai faɗi daidai ba. Amma sai ka ga yadda ake yin kwafin kafin ka yarda da ni, don rabin ruɗanin daga sunan abin ya taso.

Me ake kwafa?

Da an ce kwafi, sai zuciya ta tafi ga injin kwafar takarda: a sa mutum ta nan, wani irinsa ya fito ta can da gemunsa da karatunsa da bashin da ake bin sa. Ba haka abin yake ba. Kusan kowane irin ƙwaya a jikinka yana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai rubutun gado, wato DNA, a naɗe cikin sanduna 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Masu kwafi ƙwan mace suke samu su zuƙe cibiyarsa, su ɗauko cibiyar ƙwayar jikin dabbar da suke so su kwafa su sa a gurbin, su ɗan taɓa shi da lantarki ya fara rarrabuwa kamar an yi masa barbara. Daga nan sai a dasa shi a mahaifar wata macen, ta yi goyon ciki, ta yi naƙuda, ta haihu. Jariri ne yake fitowa, ba babba ba.

Haka aka yi Dolly, tunkiyar da malaminku ya ba ku labari. An haife ta ranar 5 ga Yuli 1996 a cibiyar bincike ta Roslin kusa da Edinbara a Sukotlan, ƙarƙashin Ian Wilmut da Keith Campbell, aka sanar da duniya a Fabrairun 1997. An ɗauko ƙwayar daga hantsar wata tunkiya mai farar fuska 'yar shekara 6, wadda ta yi goyon cikin kuwa mai baƙar fuska ce, sai ga 'ya ta fito da farar fuska. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne asarar da aka tafka: ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka kai a dasa, ɗaya tak ta rayu. Dolly ta yi kiwo, ta haifi 'ya'ya 6 ta hanyar da kowace tunkiya take haihuwa, ciwon huhu ya kama ta aka kashe ta a 2003. Bayanta an kwafi shanu da karnuka da dawaki. A Dubai an haifi taguwa mai suna Injaz a 2009 daga ƙwayoyin wata raƙuma da aka yanka shekaru kafin nan, a Shanghai kuma an sanar da birai biyu a farkon 2018.

Mutum fa? Har yau babu wanda ya kawo jaririn kwafi aka gwada aka tabbatar. Wata ƙungiya mai suna Clonaid ta yi shelar haihuwar wata jaririya a Disamban 2002, aka ce ta kawo ta a auna, shiru kake ji. Wani masani a Koriya ta Kudu, Hwang Woo-suk, ya ce ya samar da ƙwayoyin ɗan tayin mutum ta wannan hanya a 2004 da 2005, daga baya asirinsa ya tonu cewa ƙarya ya shirga. A 2013 masu bincike a Oregon ta Amurka sun yi hakan da gaske, amma a kwanon gwaji abin ya tsaya, ba a dasa a mahaifa ba. Ke nan muna magana ne a kan mutumin da ba a haifa ba tukuna.

Manomi ma ba baƙon wannan aiki ba ne. Wanda ya sari itacen rogo ya binne, ko ya yanka rake gaɓa-gaɓa ya shuka, kwafi ya yi: sabon tsiron rubutun gadonsa ɗaya da na uwar. Ba wanda ya taɓa cewa manomin ya halicci rogo. Su ma mutanen Roslin ba su ƙagi ƙwai ba, ba su ƙagi cibiya ba, ba su ƙagi mahaifa ba. Sun tarar da kaya ne suka sauya musu wuri. Ayar Suratul Hajji da ta ce waɗanda ake kira baicin Allah ba za su halicci ko ƙuda ba ko da sun taru, kwafi bai taɓa ta ba ko kaɗan.

Kwafin da nake gani a ɗakin haihuwa

Abin da ya sa tambayarka ba ta tayar mini da hankali ba shi ne, na sha karɓar haihuwar kwafi da hannuna. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai biyu ne kowanne da nasa maniyyin, su kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Akwai kuma na ƙwai ɗaya da ya rabe biyu, kusan haihuwa 3 zuwa 4 cikin kowace dubu. Waɗannan rubutun gadonsu ɗaya ne. Hasali ma sun fi kwafin ɗakin gwaji kama da juna, domin ƙwai ɗaya suka fito, ciki ɗaya suka kwanta, lokaci ɗaya. Shi kwafin ɗakin gwaji akwai ɗan guntun rubutun gado da yake zaune a wajen cibiya, wanda daga mai ƙwan zai gaje shi, ba daga wanda aka kwafa ba.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Ta zo awo cikinta na wata bakwai, na ɗora na'urar hoton ciki, sai ga kawuna biyu, mabiyiya ɗaya, ga wani siririn labule tsakaninsu kamar fatar albasa. Na juya mata allon na nuna mata zuciya biyu, kowacce da nata bugun, ɗaya tana ɗan gaggawa fiye da ɗayar. Ɗaya yana ta shure-shure, ɗayan ya dunƙule yana barci abinsa. Da haihuwa ta zo, maza ne, kamar an tsaga kara, har sai da kakarsu ta ɗaura wa Hassan zare a hannu don kada a ba ɗaya nono sau biyu. Kwana tara Allah Ya karɓi Hassan. Aka yi masa wanka aka yi masa salla aka kai shi, Usaini yana kwance yana tsotson yatsa. Shekaru bayan haka uwar ta shigo da shi gaishe ni, da allonsa a hannu.

To in da rubutun gado shi ne ruhi, ko kuma ruhi ɗaya suka raba, wa aka binne, wa ya shigo da allo? Duk garin nan ba ka samun wanda zai ce Hassana da Usaina rabin mutum ne kowacce, ko a ce in ɗaya ta yi salla ta ɗauke wa ɗayar. Ko zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne. Har tagwayen da aka haifa a manne, masu tarayya a hanta ko ƙirji, za ka ga ɗaya tana kuka ɗayar tana dariya. Kwafin mutum, in an yi shi, tagwaye ne da tazarar shekaru ta shiga tsakaninsu. Ko a dabbobi an ga haka: kyanwar farko da aka kwafa a Texas a 2001, wadda aka ɗauko ƙwayar daga jikinta mai launi uku ce har da ruwan goro, ita kuwa ta fito fara da ratsin toka-toka, babu ruwan goron ko ɗigo.

Rai da ruhi

Hausa tana da rai, tana da kurwa, ta kuma ari ruhi daga Larabci, mu kan cakuɗa su a magana. A asibiti dole mu raba. Akwai rayuwar ƙwaya, akwai rayuwar mutum. Wata mata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, ta rasu a 1951, amma ƙwayoyin da aka ɗiba daga jikinta suna nan suna hayayyafa a ɗakunan gwaji na duniya har yau. Ba mai cewa matar tana raye. Wanda aka dasa wa ƙodar ɗan'uwansa yana yawo da naman wani a cikinsa, bai zama mutum biyu ba. Mai sikila da aka yi wa dashen ɓargo, in ka auna jininsa bayan ya warke rubutun gadon wanda ya ba shi za ka gani, amma shi ne dai, da halinsa da zunubinsa da ladansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ruhi ba a cikin DNA yake zaune ba, balle a ce in an kwafi wannan an kwafi wancan.

Malamanmu sun riga mu raba wannan. Ibnul Ƙayyim ya ce ɗan tayi kafin a busa masa ruhi yana da motsin girma da cin abinci irin na tsiro, bayan busawa sai ji da nufi su ƙaru a kai. Ni kuma da idona ina ganin zuciya tana bugawa a hoton ciki tun wajen mako shida, abin bai kai ƙwayar wake ba. Bugun zuciya alamar rayuwa ce, amma na'urata ba ta taɓa nuna mini shigar ruhi ba, kuma ba a ƙera ta don haka ba. Likitan da ya ce maka ya auna babu ruhi, da wanda ya ce ya auna ya gan shi, duk sun wuce gona da iri.

Daga ina yake zuwa?

Nan ne ilimin asibiti yake ajiye kayansa. Da aka tambayi Annabi (SAW) wannan, amsar da ta sauka ita ce aya ta 85 a Suratul Isra'i: ruhi daga al'amarin Ubangijina yake, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Hakikaninsa ke nan an rufe. Amma an buɗe mana wasu abubuwa game da shi, kuma su ne suke amsa tambayarka.

Suratul Muminun ta jero matakan halitta, ɗigon maniyyi, gudan jini, tsoka, ƙasusuwa, a tufatar da su da nama, sannan ta ce "sai Muka ƙage shi wata halitta daban". Malaman tafsiri da yawa sun ce busa ruhi ake nufi. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda yake cikin Bukhari da Muslim, kuma duk wanda ya karanta Arba'una ya haddace shi a na huɗu, ya ce ana tara halittar ɗayanku a cikin uwarsa kwana 40, sannan ya zama gudan jini kamar haka, sannan tsoka kamar haka, sannan a aiko mala'ika ya busa masa ruhi, a rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa da ko ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Daga nan mafi yawan malamai suka ɗauki kwana 120. Wasu sun riƙi ruwayar Huzaifa ɗan Asid a Muslim, mai ambaton zuwan mala'ika bayan dare 42, suka ce abin ya fi haka wuri.

Ka lura da abu ɗaya, ko wanne ka ɗauka. Ruhi aiko shi ake yi. Ba ya biyo maniyyin uba, ba ya fitowa daga ƙwan uwa, ba a gadonsa kamar yadda ake gadon tsawo ko hasken fata. Jiki yana haɗuwa tukuna, sannan a kawo masa ruhi daga waje. Hadisin bai ce sai in ta hanyar kwanciyar aure aka samu cikin ba. Annabi Adamu ba uwa ba uba, Annabi Isa ba uba, Suratu Ali Imrana ta haɗa misalinsu a aya ta 59, kuma ba wanda ya rasa ruhi. Ban kawo su don in daidaita mu'ujiza da aikin ɗakin gwaji ba, na kawo su ne don ka ga maniyyin namiji ba shi ne ƙofar da ruhi ya wajaba ya bi ba. Lokacin da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a kwanon gwaji, an yi irin wannan surutun, wai ba za ta zama mutum sosai ba. Yau miliyoyin mutane ta haka aka same su, wasunsu ma a asibitocin ƙasar nan.

Wannan ya kuma warware maka zancen rabuwar ruhi biyu. Ƙwan tagwaye yana rabewa ne cikin mako biyun farko, tun kafin kwana 40 balle 120. Lokacin da mala'ika zai zo, jiki biyu zai tarar. Masu wahala da wannan tambaya su ne waɗanda suka ce ruhi yana shiga a daidai lokacin da maniyyi ya haɗu da ƙwai, don sai sun yi bayanin abin da ya faru da shi ranar da ƙwan ya rabe.

Inda malamai suka yi saɓani na gaske shi ne: an halicci rayuka tun tuni suna jira, ko ana halittar kowanne ne lokacin da jikinsa ya shirya? Ibnu Hazm na Andalus yana kan na farko, yana kafa hujja da ayar alkawari a Suratul A'araf, "Ashe ba Ni ne Ubangijinku ba?", da hadisin da ya ce rayuka runduna ce a haɗe, waɗanda suka san juna su saba, waɗanda ba su san juna ba su saɓa. Ibnul Ƙayyim a Kitabur Ruh ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya ya karkata ga na biyu. Ni ban isa in raba wannan gardama ba. Amma duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa ruhi halitta ce ta Allah, kowane mutum da nasa, kuma ba ya fita daga wani jiki ya koma wani.

Kiristoci ma sun daɗe suna wannan muhawara. Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ce ruhi daga iyaye yake gangarowa tare da jiki. Orijin na Iskandariyya ya ce rayuka sun riga jikkuna. Agustin ya yi ta jujjuya maganar bai yanke ba. Koyarwar cocin Katolika a yau ita ce Allah ne yake halittar kowane ruhi kai tsaye, ba iyaye suke samar da shi ba, kuma duk da cocin yana hana kwafin mutum, wannan koyarwar ba ta bar wata kafa da za a ce wanda aka haifa ta hanyar ba shi da ruhi ba.

Akwai wani tunani da ya kamata in taɓa, don na san yana ƙarƙashin tambayar mutane da yawa. A gargajiyance, matar da 'ya'yanta suke ta mutuwa akan ce ɗanwabi ne, yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa, har a yi masa tsaga don a gane shi. Mu a asibiti sau da yawa mukan tarar sikila ce ko rashin jituwar jinin uwa da na ɗa. Wata uwa da ta rasa ɗanta tilo ta taɓa tambayata, murya ƙasa-ƙasa, ko gaskiya ne Turawa suna iya dawo da yaro in an ajiye gashinsa. Na ce mata ko da sun iya abin da suke faɗa, ƙaninsa za su ba ta mai kama da shi. Ba zai san sunan da take kiran wancan da shi ba, ba zai tuna ranar da ta goya shi zuwa asibiti ba. Wancan yana inda yake, ajalinsa ya cika. Ta yi shiru, ta ce dama ta sani, so take ta ji daga bakin wani.

Haramcin aikin da matsayin yaron

Kada ka ɗauka cewa da na ce yana da ruhi na ce a yi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, 'yan watanni bayan sanar da Dolly, ta haramta kwafin mutum ta kowace hanya, ta halatta shi a tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu bisa sharuɗɗan shari'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar hani a 2005, ko da yake ba ta zama doka a kan kowa ba. A matsayina na likita ko ba fatawa ba zan sa hannu ba. Ka tuna 277 da ɗaya. A dabbobin da aka kwafa an sha ganin ɓari, da 'ya'ya masu girman da ya wuce kima, da mabiyiya marar kyau, da mutuwa kwana kaɗan bayan haihuwa. Mata nawa za a jera a yi wa wannan, jarirai nawa za a binne kafin a samu ɗaya?

Amma laifin aiki daban, yaron da aka samu daban. Ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, abin da iyayensa suka yi haramun ne, shi kuwa ana raɗa masa suna, ana yi masa salla in ya mutu, wanda ya kashe shi ya kashe rai. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Shi ya sa maganar abokinka ta fi ba ni tsoro fiye da kwafin kansa. Ranar da aka yarda cewa akwai mai siffar mutum, mai jin zafi, mai kuka, amma ba shi da ruhi, an halatta a kiwata shi don a cire masa ƙoda ko zuciya a sa wa mai kuɗin da ya biya aka yi shi. Duk lokacin da mutane suka so su ci zalin wasu, da irin wannan maganar suke farawa.

Wahalar da kwafi zai jawo wa malamai tana wajen nasaba. Mutumin da aka ɗauki ƙwayarsa uban yaron ne ko tagwaininsa? In tagwaininsa ne, to kakanni ne iyaye ke nan, alhali ba su san an yi ba? Uwa ita ce mai ƙwan, ko mai goyon cikin, ko wadda aka kwafa in mace ce? In kuwa mace aka kwafa da ƙwanta a cikinta, yarinyar ba ta da uba sam, wa zai zama waliyyinta, wa za ta gada, wa ya haramta ta aura? Waɗannan ba ni da amsarsu, kuma suna cikin dalilan da suka sa aka toshe ƙofar tun farko. In ka samu malamin da ya ƙware a gado, kai masa su, ka ce wani likitan mata ne ya aiko ka.